Aikin ɗaga nonon da ya zube: yadda ake bi tun daga gida har a warke

Tambayar nan ta yi yawa wallahi, kusan kullum sai wata ta turo min, Anti dan Allah ana aikin ɗaga nono a Najeriya kuwa, nawa ne, a asibitin ABU na Shika suna yi, in an yi zan iya shayarwa? Wata ma kunya ba ta barinta, sai ta ce wai ƙawarta ce ke tambaya. To ga shi na haɗa amsar wuri guda. Aikin kansa a ɗakin tiyata awa 2 zuwa 3 ne, amma abin da ke sa ya yi kyau ko ya ɓaci yawanci tun kafin ki hau gadon ake gama shi, shi ya sa za ki ga na fi daɗewa a matakan farko.

1. Ki fara sanin matakin zubewar

Ki cire rigar mama ki tsaya gaban madubi, hannu a sake, kar ki ɗage kafaɗa. Akwai layin nan na ƙarƙashin nono inda ya haɗu da ƙirji, shi ne ma'auni. In kan nonon yana daidai da layin, zubewar ƙarama ce, mataki na 1. In ya sauka ƙasa da layin amma har yanzu yana kallon gaba, mataki na 2. In ya kai can ƙarshe yana kallon ƙasa, mataki na 3 ke nan. Akwai kuma wadda kan nononta yana nan sama lafiya lau, naman ne kawai ya taru a ƙasa, sama ya zama fayau, wannan an fi ganinsa bayan yaye.

Ki san wannan tun daga gida don shi zai nuna irin yankan da za a yi miki. Kuma dan Allah a daina ɗora wa shayarwa laifi, binciken likitoci ya nuna ciki ne kansa ke miƙar da fata da jijiyoyin da ke riƙe da nono, sai yawan haihuwa, shekaru, girman nonon tun asali, ƙiba da rama a kai a kai, da shan taba. Wadda ta hana ɗanta nono don kar ya zube ta cuci yaron ne kawai.

Gargaɗi: in kin taɓa kin ji ƙullutu, ko kan nono yana fitar da jini, ko ɗaya ya canja kama kwanan nan shi kaɗai, ki ajiye maganar kwalliya gefe, asibiti za ki a duba wannan tukuna.

2. Lokacin ya yi ko bai yi ba

Nan mata da yawa ke yin asarar kuɗinsu. In kin san kina da niyyar ƙara haihuwa nan kusa ki dakata, don ciki ɗaya ya isa ya mayar da hannun agogo baya. In kin yi yaye ki bari aƙalla wata 6, ruwan nono ya ɗauke sarai, girman ya tsaya wuri guda. In kina rage ƙiba ki gama ragewa, nauyinki ya zauna kamar wata 6 shi ma.

Ni a ganina kuma a duba yanayin gari. Zafin Zariya na watan Maris da Afrilu, ga wutar nan da ba ta tsayawa, ga ɗinki a daidai ƙasan nono inda zufa ke taruwa, ba ƙaramin takura ba ne. Lokacin sanyi ya fi sauƙin jinya. Kar ki sa shi dab da azumi, ko dab da tafiya Hajji ko Umara, ko bikin da kin san ke ce kan girki.

Sai maganar addini da ta gida. Malamai suna bambanta tsakanin gyara wata larura da ke cutar da mutum, kamar nono mai nauyin da ke sa ciwon baya, da canja halitta don ado zalla, kuma hukuncin biyun ba ɗaya ba ne a wurinsu. Ki samu malami ko malamar da kika yarda da iliminta ki faɗi halinki yadda yake. In kina da aure ku zauna da maigida, don wannan aiki ba ya ɓoyuwa, akwai tabo akwai jinya. Wadda kuma gorin kishiya ko na miji ne ya turo ta, ta ƙara tunani sosai, wuƙar likita ba ta gyara wannan.

3. Ire-iren aikin

Ɗagawa zalla, wanda likitoci ke kira mastofeksi. Ana yanke fatar da ta yi yawa, a tattara naman a ɗinke shi sama, a matsar da kan nono inda ya dace, in baƙin da ke kewaye da shi ya faɗaɗa a rage shi. Ba ya ƙara girma, hasali ma sai ki ga kamar ya ɗan ragu don ya tattaru. Yankan iri uku ne aka fi yi. Na farko a zagaye baƙin kan nono kawai, tabonsa kaɗan ne amma ƙaramar zubewa kaɗai yake iya ɗagawa. Na biyu a zagaye sannan a ja layi ɗaya a miƙe zuwa ƙasa, na matsakaiciya. Na uku a zagaye, a sauko, sannan a bi layin ƙarƙashin nono a kwance, shi ake wa mai mataki na 3 kuma shi ya fi tabo.

Kuskuren da ake yawan yi a nan, mai mataki na 3 ta dage ita ƙaramin yanka take so don tana gudun tabo. In likita ya biye miki, bayan 'yan watanni nonon ya koma ƙasa, zagayen ya baje, kin biya kuɗi ba ki samu ko ɗaya ba.

Ɗagawa tare da saka roba. Wannan na wadda nononta ya zube kuma ya motse. Ana saka jaka mai ɗauke da silikon ko ruwan gishiri a bayan naman nono ko a ƙarƙashin tsokar ƙirji. Robar nan fa ba ta har abada ba ce, tana iya fashewa, jiki na iya yi mata kewaye mai tauri har nonon ya ƙandare yana ciwo, kuma ki sa a ranki wata rana za a sake aiki a canja ko a cire. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta ba da shawarar mai robar silikon ta yi hoton MRI ko sikanin bayan shekara 5 zuwa 6, daga nan kuma duk bayan shekara 2 zuwa 3. A 2019 kamfanin Allergan ya janye wani nau'in robarsa mai kaushin baya daga kasuwa saboda alaƙarsa da wata kansa ta ƙwayoyin garkuwar jiki da ba a cika samu ba. Don haka ki tambayi sunan kamfani da nau'in da za a saka miki, a ba ki katin robar mai lambarta ki adana. Wasu likitocin sun fi son raba aikin biyu, a ɗaga yanzu a saka roba bayan watanni, in ya ce miki haka ba wai kuɗinki yake hari ba lallai, haɗa su lokaci guda ya fi kawo matsala.

Roba ita kaɗai ba tare da ɗagawa ba, ba ta gyara nonon da ya sauka sosai, nauyi ma take ƙara masa.

Ragewa tare da ɗagawa. Na mai manyan nonuwa da ke fama da ciwon wuya da baya, igiyar rigar mama ta yi mata rami a kafaɗa, ƙasan nono kullum cikin ƙuraje da saɓa. Wannan kam magani ne, kuma masu yin sa su suka fi kowa jin daɗin sakamako.

Akwai kuma ɗebo kitse daga ciki ko cinya a zuba a nono. Yana ɗan cika sama, amma ba ya ɗagawa, kuma wani kaso na kitsen jiki ke shanyewa.

Gargaɗi babba: duk wanda ya ce zai yi miki allurar cika nono a shago, ko wurin gyaran jiki, ko ɗakin otal, ki gudu. Ruwan silikon da ake tsirawa kai tsaye cikin nama yana bin jiki, yana dunƙulewa, yana iya toshe hanyar jini a huhu, kuma cire shi wani lokaci sai an yanke nonon. Su kuma su hulba da mayukan Instagram da haɗin gyaran nono, fata za su iya laushewa, amma fatar da ta riga ta miƙe babu man da ke mayar da ita.

4. Zaɓen likita

Nan ne komai yake. Wanda kike nema shi ne ƙwararren likitan tiyatar gyaran jiki, wanda a asibiti ake ce wa likitan filastik, ba kowane mai farar riga ba. Ya zama yana da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa wato MDCN da lasisin wannan shekarar, kuma ya gama ƙwarewa, za ki ga FWACS ko FMCS a bayan sunansa, sai ki tambaya a wane fanni, don likitan ƙashi ma yana da irin haruffan. Suna da ƙungiyarsu ta ƙasa mai suna NAPRAS, ki tambaya ko yana ciki.

Mu nan Zariya mun yi sa'a, Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika yana da sashen filastik. Yawancin aikinsu ƙuna ne da gyaran leɓen yara da gyara bayan haɗari ko kansa, amma su ne masu ilimin abin, don haka ko a ina za ki yi aikin a ƙarshe, ki fara yankar kati a can ki nemi a tura ki asibitinsu na ganin likita ki ji ra'ayinsu. Sai haƙuri da layi da fita da sassafe. Masu zaman kansu da suka fi yin na kwalliya suna Abuja da Legas. In mace kike so ta duba ki, ki faɗa tun wurin karɓar kati, ko ki nemi nas mace ta tsaya, haƙƙinki ne.

Ranar ganin likita ki tafi da tambayoyinki a rubuce don kunya na sa a manta. Wane yanka zai yi kuma me ya sa. Ya nuna miki hotunan aikinsa na mata masu irin fatarmu, waɗanda suka shekara, don hoton sati biyu ba ya nuna tabo. Wa zai ba da maganin barci, ƙwararren likita ne? In abu ya rikice akwai ɗakin kulawa ta musamman da jini a asibitin, ko ina za a kai ki? In sai an sake gyara wa zai biya?

Likitan kirki zai sa ki tsaya, ya ɗauko tef ya auna daga ramin wuya zuwa kan nono kowane ɓangare, ya matsa fatar ya ga ƙarfinta, ya nuna miki cewa dama can ɗaya ya fi ɗaya, kusan kowace mace haka take. Wanda ya yanka miki farashi ta WhatsApp daga ganin hoto, ko yake cewa ki biya yau akwai ragi, ki bar shi da kayansa.

Masu son fita waje, Turkiyya ko Masar ko Indiya, ku sani fita ba ita ce kariya ba. Stella Obasanjo tana matar shugaban ƙasa ta rasu a Sifen a watan Oktoba 2005 bayan aikin kwalliya. In za ki fita ki zauna aƙalla mako guda bayan aiki kafin hawa jirgi saboda daskarewar jini a ƙafa, kuma ki samu likitan da zai ci gaba da duba ki a gida tun kafin ki tafi.

5. Lissafin kuɗi

A asibitocin kuɗi maganar miliyoyin naira ake, in da roba ya ƙaru sosai don da dala ake shigo da ita, farashin yana bin canji. Inshorar lafiya ta NHIA ba ta biyan aikin kwalliya. Ki nemi a rubuta miki a takarda abin da kuɗin ya ƙunsa ɗaya bayan ɗaya: ganin likita, gwaje-gwaje, kuɗin likitan tiyata, na mai ba da maganin barci, ɗakin tiyata, gado, magunguna, wankin ciwo, rigar mama ta musamman, da dawowa dubiya. Sau da yawa farashin da ake tallatawa na aikin ne kawai, sauran sai kin shiga ake lissafo miki. Ki ƙara da kuɗin mota ko jirgin ƙasa daga tashar Rigasa ta Kaduna, masauki na mako ɗaya ko biyu ke da mai jinya, sannan ki ware wani abu gefe ko da matsala. In kuɗin aikin kawai gare ki cif-cif, ba ki shirya ba tukuna.

6. Gwaji da shiri

Za a duba yawan jini, sukari, ƙoda, hawan jini, rukunin jini, ciwon hanta, HIV, gwajin ciki, wani lokaci da hoton zuciya. Ki tabbata an san jinotayif ɗinki, mai sikila shirinta daban ne gaba ɗaya. In kin kai 40 za a yi hoton nono na mamogiram, in ba ki kai ba sau da yawa sikanin ake yi.

Yanzu ga inda nake roƙonki ki faɗi gaskiya ko da kunya. In kina shafa man bilicin ki faɗa, da yawansu akwai sinadarin sitiroyid da ke sa fata ta yi siriri, ɗinki ya ƙi kamawa ya buɗe. In kina shan ƙwayoyin ƙiba irin su sha-ka-fashe ki faɗa, kuma kar ki yanke su da kanki rana ɗaya, likita zai tsara miki. Shisha da sigari a daina aƙalla sati 4 zuwa 6 kafin aiki da bayansa, nikotin yana matse ƙananan hanyoyin jini, kuma kan nonon da aka matsar da ɗan jinin nan yake rayuwa, in ya yanke sai ya mutu ya yi baƙi. Asfirin, ibufurofen, Alabukun da ire-irensu suna sa zubar jini. Kayan mata, tsimi, hulba da duk wani jiƙo a ajiye sati 2 kafin ranar. Ƙwayar tsarin iyali mai sinadarin istirojin tana ƙara haɗarin daskarewar jini, likita na iya cewa ki dakata wata guda ki koma wata hanyar.

Ki nuna masa duk wani tsohon tabo a jikinki, na hujin kunne, na aikin haihuwa, na lamba. In jikinki mai yin tabo mai tudu ne, wanda ke girma yana ƙaiƙayi, kiloid ke nan, ya fi yawa a baƙar fata kuma ƙirji na cikin wuraren da ya fi so. Wata saboda wannan kaɗai gara ta haƙura ta nemi rigar mama mai kyau daidai ita.

7. Ranar aiki

Ba abinci awa 6 kafin lokaci, ruwa zalla ana iya bari har saura awa 2, amma ki bi abin da asibitin ya ce. Ki yi wanka, ba mai ba turare, a cire sarƙa da 'yan kunne da farcen roba, a bar yatsa ɗaya aƙalla ba jan farce don na'urar auna iska. Ki tafi da riga mai maɓalli ko zif a gaba.

Kafin a shiga likita zai zana layuka a ƙirjinki da alƙalamin maka kina tsaye, ki kalli madubi, in akwai abin da ba ki gane ba lokacin tambaya ke nan. Ki karanta takardar amincewa kafin sa hannu. In kin farka za ki ji ƙirji a ɗaure tam, wataƙila da ɗan siririn tiyo kowane gefe yana zubar da ruwa-ruwan jini cikin wata 'yar roba, kwana ɗaya zuwa uku ake cire shi. Wasu a sallame su ranar, wasu su kwana.

8. Jinya a gida

Kwanciya rigingine da filo biyu ko uku a baya. Rigar mama ta asibiti mara ƙarfe dare da rana sati 4 zuwa 6. Ki riƙa tashi kina ɗan zagaya ɗaki tun ranar farko. Satin farko ɗaga hannu sama da kafaɗa zai yi wuya, ɗaurin ɗankwali ma sai an taya ki, sallah kuma ki yi a zaune in sujada na ja miki ɗinki. Ba goyo, ba ɗaukar bokiti, ba daka, ba shara, ba wanki har sati 6. Mai aikin ofis ko koyarwa takan koma bayan sati 1 zuwa 2. Hawa Keke ko mashin a kan hanya mai gargada a ɗan dakata. A gaya wa maigida shi ma ya yi haƙuri da wurin har likita ya ba da izini.

Gargaɗi, musamman ga iyayenmu masu jinya: ba a gasa wannan ciwon da ruwan zafi irin na jego. Fatar wurin ba ta ji sosai a makonnin farko, za ta ƙone ba ki sani ba. Ba man kaɗanya, ba zuma, ba garin magani a kan ɗinki.

Ki koma asibiti a take, ko tsakar dare ne, in nono ɗaya ya kumbura da sauri ya yi tauri fiye da ɗayan, ko kan nono ya yi sanyi launinsa ya canja, ko zazzaɓi, ko ruwa mai wari, ko ƙwauri ɗaya ya kumbura yana ciwo, ko numfashi ya yi wuya. A fatarmu canjin launi ba ya saurin nunawa, don haka ki riƙa dubawa da haske mai kyau kina kwatanta biyun. Zazzaɓi bayan aiki kar a ce maleriya ce a wuce kemis.

Wurin da layuka suka haɗu a ƙasan nono yakan ɗan buɗe, abu ne da aka saba gani, da wankin ciwo yake rufewa.

9. Tabo da abin da zai biyo baya

Watan farko nonon zai yi sama sosai ya kumbura har ki ce an yi kuskure, ki ba shi wata 3 zuwa 6 ya zauna. Tabon zai fara da duhu da tauri, yana ɗaukar shekara 1 zuwa 1 da rabi kafin ya lafa, kuma ba ya ɓacewa gaba ɗaya. In ciwon ya rufe sarai likita zai ce ki fara manna ledar silikon ko shafa jel ɗinsa na wasu watanni. In kin ga ya fara tudu yana ƙaiƙayi ki koma da wuri, akwai allurar da ake yi a cikin tabon tana kwantar da shi. Kar ki sa man bilicin wai don ya yi haske.

Jin kan nono yakan ragu ko ya ƙaru, yawanci yana dawowa cikin watanni, wasu kuma ba ya dawowa duka. Shayarwa da yawa suna iyawa in ba a raba kan nonon da naman da ke ƙarƙashinsa ba, sai dai ruwan na iya yin kaɗan, amma a babban ragewa inda ake cire shi gaba ɗaya a sake dasawa, shayarwa ta ƙare, don haka ki tambayi wanne za a yi miki. Shekaru da nauyi za su ci gaba da aikinsu, a hankali zai ɗan sauka, rigar mama mai riƙewa da tsayar da nauyin jiki su ke ja masa lokaci. Duk ranar da za ki yi hoton nono nan gaba ki gaya wa mai ɗauka an taɓa yi miki aiki, in da roba ki nuna katinta, don akwai yadda suke ɗaukar hoton daban.